Jirgi ne ko matuƙi? Batun gwanayen sama na Yaƙin Duniya na Biyu

Dan_Fagge82: Assalamu alaikum ƴan uwa masu bibiyar tarihi. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Bajamushen nan Erich Hartmann an rubuta masa jirage 352 da ya kakkaɓo shi kaɗai a Yaƙin Duniya na Biyu, amma babban gwanin Amurka Richard Bong a 40 ya tsaya, na Rasha Ivan Kozhedub kuma 62. Wannan tazara daga ina? Ni dai a ganina jirgin Jamus Bf 109 ya fi kowane jirgi a yaƙin nan, in ba haka ba ta yaya mutum ɗaya zai yi wannan ɓarna. Mai ja ya zo da hujja.

Abu_Safiyya: Wa alaikumus salam. Ni na ja. In jirgin ne ai da duk wanda ya hau shi ya zama Hartmann. An ƙera Bf 109 wajen 34,000, Hartmann nawa aka samu?

MalamTarihi: Ƙanena Dan_Fagge tambayarka mai kyau ce amma lissafin bai cika ba. Ka duba sau nawa kowa ya tashi. Hartmann ya fita aiki sau 1,404, ya yi arangama da abokan gaba sau 825. Kozhedub ya fita sau 330 ne kawai, arangama 120, kuma a ciki ya samu 62 ɗin nan. In ka raba za ka ga a kowace arangama ɗan Rashan ma ya ɗan fi shi. Bambancin shi ne Jamus ba ta sauke gwaninta ya huta, kana tashi ne har sai an kashe ka ko ka nakasa ko yaƙi ya ƙare. Amurka kuwa da Bong ya kai 40 sai suka ce ya dawo gida, kuma haka tsarinsu yake, wanda ya ƙware a mayar da shi ya koyar da sababbi. Allah sarki Bong ɗin ma bai tsira ba, ya mutu yana gwajin sabon jirgin jet ranar 6 ga Agusta 1945, ranar da aka jefa bam a Hiroshima.

Sojan_Gona: Gsky ne Malam. Ƙari kuma su Jamusawa a fagen Rasha banza suka samu, ranar farko ta harin 22 ga Yuni 1941 jiragen Rasha sama da dubu aka lalata, yawancinsu ma a ƙasa suke ba su tashi ba, ga tsofaffin jiragensu ƙirar I-16 da yawa babu ko rediyo a ciki. A haka kowa ma gwani ne.

MalamTarihi: @Sojan_Gona abin da ka faɗa game da 1941 haka yake amma bai shafi Hartmann ba. Shi sai Oktoban 1942 ya isa fagen daga, lokacin Rasha ta fara farfaɗowa, ta fito da jirage masu kyau ƙirar Yak da La-5. Kuma jirgin da aka fasa a ƙasa ba a sa shi cikin wannan lissafi. Kada mu rage wa mutum abin da ya yi. Salon sa shi ne ba ya tsayawa kokawar juye-juye, zai hango ka daga sama, ya lallaɓo har sai jirginka ya cika masa gilashin gaba sannan ya saki wuta ya wuce. Saboda kusancin nan ne ma sau da yawa tarkacen jirgin da ya harba ke bugun nasa ya yi saukar dole.

Injiniya_Zariya: Bari in shigo ta ɓangaren ƙarfe tunda nan ne sana'ata. A 1940 lokacin da aka gwabza a sararin Ingila, Bf 109 yana da wani fifiko da mutane ba sa kula da shi. Injinsa na Daimler-Benz da injekta yake shan mai, shi kuwa injin Merlin na jiragen Ingila, Spitfire da Hurricane, kafireto ne. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota mai kafireto ya san yadda take shaƙewa in mai ya yi mata yawa ko ya yanke, to haka Spitfire ke yi in matuƙi ya danna hancinsa ƙasa da ƙarfi farat ɗaya, injin sai ya yi tari ya ɗauke na ɗan lokaci, Bajamushe kuwa ya nutse abinsa ya tsere. Dole ƴan Ingila suka koyi su fara kifar da jirgin kafin su bi shi ƙasa. Wata injiniya mace Beatrice Shilling ce ta kawo sauƙin abin a 1941 da wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai huda da ke taƙaita man da ke shiga. Amma fa a juyi Spitfire ya fi shi, fiffikensa ya fi faɗi. Sannan tayoyin 109 a matse suke kusa da juna, sabon matuƙi yana sauka sai jirgin ya kwace masa, sun yi asarar jirage da yara da dama a haka ba tare da ko harsashi ɗaya ya taɓa su ba.

Dan_Fagge82: To kun gani, Injiniya ya fara tabbatar da maganata. Injin Jamus ya fi.

Abu_Safiyya: Haba ɗan uwa, ka ɗauki rabin maganar ka bar rabi. Ina batun juyi da tayoyi? Kuma wa ya ci wancan yaƙin na 1940, ba Ingila ba?

Ummu_Khalil: Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ke ba ni mamaki kowa Spitfire Spitfire, alhali a wancan yaƙin Hurricane ya fi yawa kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Jirgi ne da bayansa ƙarafa ne aka lulluɓe da yadi, bai kai 109 gudu ba, amma yana shan duka kuma ana gyara shi da wuri. Runduna ta 303 ta ƴan Polan da Hurricane suka yi yaƙi kuma su ne aka rubuta wa adadi mafi yawa, 126, duk da sun shigo a makare. Mutanen nan an ci ƙasarsu a 1939, sun riga sun ga wuta, suna matsowa dab kafin su harba. Wannan ai matuƙi ne ba jirgi ba.

Kaftin_Kwamfuta: Anti kin yi gaskiya. Ni ina buga wasan yaƙi na kwamfuta War Thunder sosai kuma wlh abin da ake cewa a nan haka yake har a wasan, in ka ba ni jirgi mafi kyau amma wani ya riga ni hawa sama ya zo ta bayana ban gan shi ba, an gama da ni.

Sojan_Gona: Kaftin wasa daban yaƙi daban. A wasa in an harbe ka sai ka sake dannawa.

Kaftin_Kwamfuta: Na sani Yaya, ban ce ɗaya ba ne, amma dokar wanda ya fara gani da wanda ya fi tsawo a sama ba ta canza ba. Hartmann da kansa ya ce yawancin waɗanda ya harbo ba su ma san yana wurin ba.

MalamTarihi: Akwai abu na uku da ba jirgi ba ba kuma matuƙi ba. Ingila tana da tashoshin rada a bakin teku, da masu sa ido a ƙasa, da ɗakunan da ake tattara labari a ce wa runduna kaza ta tashi ta nufi wuri kaza, tsarin da kwamandan jiragen kare sararin Ingila Hugh Dowding ya gina. Shi kuwa 109 in ya tsallako daga Faransa ya iso Landan mintuna kamar goma ne kawai yake da su na faɗa kafin mai ya tilasta masa juyawa. Ɗan Ingila in an harbo shi ya diro da lema a gonar ƙasarsu gobe ya sake tashi, Bajamushe in ya diro fursuna ne. A ɗaya ɓangaren kuma Jamusawa sun fi su dabarar jeri a farko. Tun yaƙin basasar Sifen gwaninsu Werner Mölders ya gyara musu tashi bibbiyu, huɗu a warwatse, kowa na gadin bayan ɗan uwansa, ƴan Ingila kuwa suna tashi uku a cunkushe kowa idonsa na kan fiffiken na kusa kada su yi karo maimakon ya duba abokin gaba. Daga baya su ma suka kwaikwaya.

Gaskiya_Dokin_Karfe: Ni fa ban yarda da adadin nan ba gaba ɗaya. 352? Farfaganda ce ta Hitila.

Abu_Safiyya: Ƙari a lissafi kowa ya yi, ba Jamus kaɗai ba. Ranar 15 ga Satumba 1940 Ingila ta sanar ta kakkaɓo 185, bayan yaƙi da aka duba takardun Jamus sai aka ga wajen 60 ne. Ba lallai ƙarya ce da gangan ba, mutum uku su harbi jirgi ɗaya kowa ya ga hayaƙi kowa ya ce nasa ne, ko jirgin ya nutsa yana hayaƙi ka ɗauka ya faɗi alhali ya lallaɓa ya isa gida. Don haka 352 ɗin da wuya a ce duka haka suke, amma ko ka zubar da rabi har yanzu mutumin abin tsoro ne.

Baba_Na_Sabongari: Ƴaƴana ku ba ni dama in ɗan karkata. Mu nan Kano jiragen nan da kuke magana sun bi ta kanmu. Mahaifina Allah ya jiƙansa ya yi aikin lebura a filin jirgi lokacin yaƙin Hitila, yana ba mu labarin yadda suke mirgina gangunan mai, da yadda ƙananan jirage ke sauka a jere babba ɗaya na ja musu gaba, Turawan su fito fuska ja wur saboda zafi. Sai da na girma na karanta na gane abin da ya gani. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai Ingila ta riƙa kawo Hurricane a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a haɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi su shiga Sudan ta Geneina da Fashir zuwa Khartum, sannan su bi Nilu har Masar. Jirgin Blenheim ne ke ja musu gaba saboda shi ke da mai duba hanya. Jirage sama da 5,000 suka bi hanyar nan.

Ummu_Khalil: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wlh ban taɓa jin wannan ba.

Wad_Njamena: Amin. Baba ka taɓo mu. Hanyar nan ba ta yiwu ba sai da gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agustan 1940, da ya tsaya tare da gwamnatin Vichy ta Faransa mai bin Jamus da babu wurin ratsawa. Kuma Jamusawa sun san muhimmancin wurin, a Janairun 1942 wani jirginsu He 111 guda ɗaya ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a filin jirgin Fort Lami, wato Njamena ta yanzu, ya ƙone mai mai yawa.

Injiniya_Zariya: Wannan ma ya dawo da mu kan batun. Jirgin da ya yi wannan doguwar tafiya cikin ƙura da zafi kafin ya isa fagen daga injinsa ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa. Sannan a hamada sai an sa masa babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci saboda yashi, ita kuma tana rage gudu. Don haka gudun da kuke gani a takarda, na sabon jirgi ne a filin gwaji. Hurricane ɗin da ya haɗu da 109F a Libiya ba shi ne na takarda ba.

Dan_Fagge82: Ai a can ne Marseille ya yi musu kaca-kaca. Hans-Joachim Marseille, 158, kuma duka jiragen Ingila da ƙawayenta ne ba na Rasha ba, har 17 aka rubuta masa a rana ɗaya, 1 ga Satumba 1942. Da wane jirgi? 109. Ina masu cewa banzar Rasha ce?

MalamTarihi: Marseille kam maharbi ne na gaske, yana iya harbi cikin juyi ya sa harsashi inda jirgin zai iso, da harsasai kaɗan yake gamawa. Amma ƙanena ka tambayi kanka me hakan ya amfana wa Rommel, kwamandan sojojin Jamus a Arewacin Afirka. A ranakun nan ɗin dai jiragen bama-bamai na Ingila suna ta luguden wuta kan sojojinsa a Alam Halfa ta Masar, su gwanayen suna can suna tara adadi a kan ƙananan jiragen rakiya. Runduna ta koma kowa yana yi wa mutum ɗaya hidima. Da ya mutu ƙarshen watan nan, injinsa ya kama hayaƙi ya yi tsalle jelar jirgin ta buge shi, yana ɗan shekara 22, sai da aka janye rundunarsa daga fage na wani lokaci saboda gwiwarsu ta yi sanyi. Ni a wurina wannan rauni ne a tsari.

Bature_Baki: Kowa ya tsaya a Turai. Ku zo Fasifik ku ga inda wannan muhawara ta fi fitowa fili. Zero na Japan a 1941 da 1942 babu mai juyi da shi, ga nisan zango, daga sansaninsu na Rabaul zuwa tsibirin Guadalcanal kusan kilomita dubu ya je ya yi faɗa ya dawo. Amma don ya yi sauƙi ba a sa masa sulken kare matuƙi ba, tankin mansa kuma ba ya toshe kansa in an huda, harsashi kaɗan sai wuta. Wildcat na Amurka ya fi shi nauyi, bai kai shi hawa ba bai kai shi juyi ba, sai wani matuƙinsu John Thach ya fito da dabara, jirage biyu su riƙa saƙa suna gitta juna, duk Zeron da ya bi bayan ɗaya sai ya faɗo gaban bindigar ɗayan. Ya gwada ta a yaƙin tsibirin Midway a Yunin 1942 ta yi aiki. Jirgi bai canza ba, tunani ne ya canza.

Kaftin_Kwamfuta: Kuma a shekarar ce suka tsinci Zero kusan lafiya lau a tsibirin Akutan suka gyara suka tuƙa, suka gano in yana gudu sosai sitiyarinsa na yin tauri ba ya mirginawa da sauri.

Bature_Baki: Haka ne. Amma abin da ya kashe Japan ba wannan ba ne kawai. Gwanayensu kaɗan ne, horo mai tsanani wanda mutum ƙalilan ke fita, irin su Saburo Sakai da aka harbe shi a ka a Guadalcanal ya rasa ganin ido ɗaya amma ya tuƙo jirgin sa'o'i har Rabaul. Irin waɗannan suka ƙare a tsibiran Solomon babu madadi. Zuwa 19 ga Yuni 1944 a tekun Filifin yara sababbi aka turo wa sabon jirgin Amurka Hellcat, rana ɗaya Japan ta rasa jirage sama da 300, Amurka wajen 30.

Sojan_Gona: To amma nan ai jirgin ma ya canza, Hellcat ba Wildcat ba ne. Ba za ka ce matuƙi kaɗai ba.

Ummu_Khalil: In ana neman misalin da jirgi ɗaya ne hannu ya bambanta, ga Brewster Buffalo ƙirar Amurka. A Singafo da Malaya Japan ta yi masa wulaƙanci, a Midway fiye da rabin waɗanda suka tashi ba su dawo ba, har ana kiransa cikin mafi munin jiragen yaƙin. Finlan ta sayi 44 kacal ta yi ta kakkaɓo jiragen Rasha da su. Gwaninsu Ilmari Juutilainen yana da 94, 34 a ciki da Buffalo ya same su.

Injiniya_Zariya: Hajiya misalin ya yi, sai dai na Finlan samfurin farko ne mara nauyi, kafin a lafta masa sulke da ƙarin tankuna, kuma sanyin ƙasarsu ya taimaki injin da ke yawan zafi a Malaya. Abokin karawar ma ba ɗaya ba. Don haka ba cikakken jirgi ɗaya ba ne.

Gaskiya_Dokin_Karfe: Mu ma a yaƙin basasarmu ai an ga haka. Tarayya na da MiG-17, amma a Mayun 1969 ɗan Suwidin nan von Rosen, a ɓangaren Biyafara, ya zo da ƙananan jiragen koyon tuƙi guda biyar ya ɗaura musu roka ya kai hari filayen jirgi na Fatakwal da Benin da Inugu.

Admin_Zaure: Malam Gaskiya a bar wannan zuwa wani zaren daban don Allah, mun san inda yake kai mu. Kuma can a ƙasa ya same su, ba karon sama ba ne. A dawo kan tambaya.

Abu_Safiyya: To in dawo. Dan_Fagge, in jirgi mafi kyau ke cin yaƙi me ya sa Me 262 bai ceci Jamus ba? Jet ne, gudunsa wajen kilomita 870 a awa, Mustang na Amurka ba ya kamo shi. Amma injinsa awa ashirin da ƴan kai yake yi a sauke shi saboda ba su da ƙarafa masu jure zafi, ga babu mai, sai ƴan Amurka suka riƙa jiransa a bakin filinsa lokacin sauka da tashi. Walter Nowotny mai sama da 250 a cikinsa ya mutu a Nuwamban 1944. Matuƙan nan baƙaƙen fata na Amurka, ƴan Tuskegee, masu jirage jan jela, waɗanda aka ce baƙi ba zai iya tuƙa jirgin yaƙi ba, sun kakkaɓo guda uku a rakiyar da suka yi zuwa Balin ranar 24 ga Maris 1945, da Mustang mai farfela.

Dan_Fagge82: Na ji duka, batun horo da mai na karɓa. Amma har yanzu ina nan kan cewa jirgin da aka fara tashi da shi a 1935 ya kai har 1945 ana gwabzawa da shi, manyan gwanaye uku na duniya, Hartmann da Barkhorn mai 301 da Rall mai 275, duk shi suka hau, ba za a ce ƙarfen ba shi da kaso ba. Ku ba shi haƙƙinsa.

MalamTarihi: Yana da kaso babu musu. Sai dai in za a ba jirgi ɗaya lambar canza alƙiblar yaƙi ni Mustang zan ba. Ranar 14 ga Oktoba 1943 Amurka ta tura manyan jiragen bama-bamai B-17 guda 291 garin Schweinfurt na Jamus babu rakiya har can, 60 ba su dawo ba. Da aka sa wa Mustang injin Merlin da tankunan da ake yarwa, zuwa Maris 1944 yana raka su har Balin, kwamandansu Doolittle kuma ya sake su ya ce su bar manne wa manyan jirage su je su farauci na Jamus duk inda suke. A watannin nan aka kashe ƙwararrun Jamus da suka rage.

Injiniya_Zariya: Malam ko nan ma sai an ce a wane tsawo. Mustang a can sama inda B-17 ke tafiya yake sarki. A fagen Rasha faɗan ƙasa-ƙasa ake yi kusa da tankoki, shi ya sa P-39 ƙirar Amurka da Ingila ta gwada ta ƙi saboda ba ya numfashi a sama, Rasha ta karɓe shi hannu bibbiyu, gwaninsu Pokryshkin yawancin 59 ɗinsa da shi ya samu. Yak-3 ma in ka same shi a ƙasa da mita dubu biyar ko 109 sai ya yi taka-tsantsan.

Bature_Baki: Kuma har yanzu babu wanda ya ambaci Fw 190 na Jamus a zaren nan, jirgin da ya fito a 1941 ya sa Spitfire V ya rasa inda zai sa kansa har sai da aka yi gaggawar fito da Spitfire IX. Dan_Fagge in jirgin Jamus kake so ka kare, da wannan ka ɗauka, tayoyinsa a buɗe, injinsa na shan harsashi ya ci gaba da tafiya, matuƙi na ganin bayansa sosai. Wa zai gwada mana shi da 109 ɗin kansa?